Motar Rairayi da Dokar Hayaƙi: Dalilin da Ya Sa Ba Kowace Mota Ke Shiga Kowace Kasuwa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga abin hawa iri-iri. Ga tireloli da ake yi wa lodin shanu zuwa kudancin Nijeriya, ga ƙananan motocin ɗaukar kaya shaƙe da buhunan riɗi da zoɓo, ga babura ba adadi, ga kuma amalanken shanu da raƙuma waɗanda har yau mota ba ta kore su ba. Idan aka sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan Sule Tankarkar ko na Gagarawa, nan da nan za a gane abin da ya hana ta korar su. Ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce. Sunan jihar ma da aka ƙirƙiro a 1991, wato Jigawa, daga tudun rairayi ya samo asali. Ƙaramar mota takan kafe a irin waɗannan hanyoyi, direba da fasinjoji su fito suna tura ta, alhali jaki na wucewa ta gefensu.

Akwai motocin da aka ƙera musamman domin irin wannan ƙasa. Suna da tsawo daga ƙasa, injinsu yana juya ƙafafu huɗu a lokaci guda, kuma da yawansu da man gas suke aiki, wanda ake kira dizal. Fitacciya a cikinsu ita ce Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yanzu ba a daina ba. Wanda ya tsallaka iyaka ya shiga Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar zai yi ta karo da ita, musamman farare na ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF da ke aiki a Magarya. Amma a ɓangaren Nijeriya, mafi yawan motocin Hilux da na jif da ake gani masu shan fetur ne. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, manomin da ke hamadar Arizona ta Amurka, ko da kuɗinsa a hannu, ba shi da shagon da zai shiga ya sayi sabuwar Land Cruiser 70 ko sabuwar Hilux. A ɗaya gefen kuma, motar gas ta zamani da ke tafiya lafiya lau a Jamus, idan aka kawo ta Gumel tana iya zama kayan ado a gindin bishiya kafin shekara ta zagayo.

Dalilin wannan ba ya rasa nasaba da abu guda: ba a ƙera mota domin hanya kaɗai. Ana ƙera ta ne domin dokar wata ƙasa, da irin man da ake sayarwa a ƙasar, da kuma lissafin ribar mai ƙerawa. Kafin a fahimci wannan, sai an leƙa cikin injin.

Abin da ya bambanta injin gas

Injin fetur yana zuƙo iska haɗe da mai, fistan ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsin wuta su kama. Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi nasarar tayar da na farkonsa a 1897, ba shi da irin wannan fulogi. Iska zalla yake zuƙowa, ya matse ta matuƙa. Idan injin fetur ya matse iska ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, na gas yakan mayar da ita kashi ɗaya cikin 16, wani ma ɗaya cikin 22. Ɗalibin da ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfon yakan ɗauki zafi a hannu. Haka iskar cikin silinda take ɗaukar zafi, har ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. A daidai wannan lokaci ne nozul ke feso gas, shi kuwa ya kama da kansa.

Wannan matsi mai yawa shi ne sirrin injin gas. Yana sa a sami aiki mai yawa daga mai kaɗan. Bugu da ƙari, lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da abin da ya haura kashi 10 cikin 100. Saboda haka motar gas takan yi tafiya mai nisa da tanki guda, abin da ke da muhimmanci a inda gidajen mai suke nesa da juna. Har ila yau, injin gas yana ba da ƙarfin ja mai yawa tun yana juyawa a hankali. Wannan shi ne abin da ake bukata a rairayi, domin tayar da ke juyawa da sauri rami take haƙa wa kanta.

A nan akwai ɗan lissafi da malamin fiziks zai iya bai wa aji. A ɗauka mota tana da nauyin kilo 2,400, wato kowace taya na ɗauke da kilo 600. Idan iskar cikin tayar tana da matsin kimanin kilo 2.4 a kan kowane murabba'in santimita, faɗin tayar da ke taɓa ƙasa zai kai murabba'in santimita 250. Idan direba ya sace rabin iskar, faɗin zai kusan ninkawa, nauyin ya bazu, motar ta daina nutsewa. Raƙumi da faffaɗan tafinsa ya riga kowane injiniya sanin wannan.

Farashin zafi

Sai dai zafin da ya ba injin gas ƙarfinsa shi ne kuma ya jawo masa matsala. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitrojin ce, wadda a yanayi na yau da kullum ba ta haɗuwa da oksijin. Amma a cikin tsananin zafin silinda sai su haɗu su haifar da wasu iskoki masu guba da ake kira oksaid na naitrojin, waɗanda ke ƙona hanyoyin numfashi su tayar da asma. Matsala ta biyu ita ce kunkunniya. Tun da gas ba ya samun lokacin gauraya da iska sosai kafin ya kama, wani sashe nasa ba ya ƙonewa duka, sai ya fito a matsayin baƙin hayaƙin nan da ake gani a bayan tirela idan tana hawan tudu. Ƙananan ƙwayoyin wannan hayaƙi suna ratsawa har cikin huhu. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Abin da ke ba injiniyoyi ciwon kai shi ne, matsalolin biyu kamar sikeli suke. Idan aka ƙara zafi domin kunkunniya ta ƙone, sai oksaid na naitrojin ya ƙaru. Idan aka rage zafi domin a rage shi, sai kunkunniya ta yawaita.

Ƙasashen Turai sun shiga ƙayyade hayaƙin mota mataki-mataki da dokokin da suka sa wa suna Euro. Euro 1 ta fara aiki a 1992. A ƙarƙashin Euro 3 ta shekarar 2000, an yarda ƙaramar motar gas ta fitar da giram 0.50 na oksaid na naitrojin a kowace kilomita. Euro 4 ta 2005 ta rage shi zuwa 0.25, Euro 5 ta 2009 ta kai shi 0.18, sannan Euro 6 ta 2014 ta mayar da shi 0.08. Wato cikin shekara 14 an rage adadin fiye da sau shida. Tsohon inji mai sauƙin gini ba zai iya cika wannan sharaɗi ba ko da wane irin gyara aka yi masa. Dole aka ɗora wa salansa wasu na'urori.

Ta farko rariya ce ta yumɓu mai dubban ƙananan ramuka, wadda ke kama kunkunniya. Idan ta cika, kwamfutar motar takan ɗaga zafin salansa zuwa kimanin digiri 600 domin abin da aka tara ya ƙone. Ta biyu kuwa wani ƙaramin tanki ne na ruwan da ake sayarwa da sunan AdBlue. Manomin Gagarawa zai yi dariya idan ya ji abin da ke cikinsa, domin yuriya ce, irin ta takin zamani amma tatacciya, kashi 32.5 cikin 100, a narke cikin tsabtataccen ruwa. Ana fesa ta cikin salansa mai zafi, ta zama amoniya, amoniyar kuma ta mayar da iskar mai guba naitrojin da tururin ruwa. Doka ta tilasta wa masu ƙera motoci su tsara kwamfutar yadda idan wannan tanki ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba sai an zuba.

Cika waɗannan sharuɗɗa yana da tsada da wahala, har ya kai wani babban kamfani ga yin maguɗi. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na gas wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji, sai ta rage hayaƙi, idan an hau titi kuma ta saki. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. Daga wannan lokaci kasuwar ƙananan motocin gas a Amurka, wadda dama ba ta da girma, ta kusan mutuwa, kuma a Turai ma, inda a farkon shekarun 2010 fiye da rabin sababbin motoci na gas ne, ta shiga ja da baya.

Wannan shi ne ƙofar farko da ke rufe. Akwai wani inji na Toyota mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Ba shi da rariyar kunkunniya, ba ya neman ruwan yuriya, famfonsa na mai da ƙarfe yake aiki ba da kwamfuta ba. Shi ne a cikin da yawa daga fararen motocin agajin da aka ambata, waɗanda wani kamfanin dillanci da ke Jibralta ya shahara wajen sayar wa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji. Bakaniken da ya iya aikinsa zai warware shi ya mayar a ƙarƙashin inuwar darbejiya. Amma sabuwar mota mai wannan inji ba za ta sami lambar hawa titi a Faransa ko Jamus ba, domin hayaƙinta ya wuce ƙa'ida.

Farar wuta a cikin tanki

Ƙofa ta biyu ta ɓangaren Afirka take rufewa, kuma ita ta fi shafar mai saye a Gumel. Ɗanyen man da ake haƙowa yana ɗauke da farar wuta, sinadarin nan mai launin rawaya da ake gani a wurin masu sayar da magungunan gargajiya. Cire ta a matatar mai aiki ne mai cin kuɗi, saboda haka kowace ƙasa takan faɗi iyakar abin da ta yarda a bari. Ana auna ta da kashi cikin miliyan. Amurka ta tsayar da nata a kan 15 tun 2006, Tarayyar Turai kuma 10 tun 2009. Nijeriya kuwa ta daɗe tana amincewa da gas mai kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300 na na Turai.

Domin a ga girman bambancin, a ɗauki tanki mai cin lita 90. Gas ɗin da ke ciki zai yi nauyin kimanin kilo 75. Idan na Turai ne, farar wutar da ke ciki ba ta kai giram ɗaya ba. Idan mai kashi 3,000 ne, ta kai kimanin giram 225, kusan rubu'in kilo, a cikin tanki ɗaya tak.

Tsohon inji irin 1HZ yakan haɗiye wannan ya wuce, illa dai a riƙa yi masa juyen baƙin mai a kan kari. Sabon inji ba ya iyawa. Idan farar wuta ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa, takan zama asid irin na ruwan batir, ya riƙa cin ƙarfe yana lalata baƙin mai. Takan kuma lulluɓe ƙarafa masu daraja irin su filatinam da aka shafa a cikin na'urorin salansa, su daina aiki. Rariyar kunkunniya ta toshe, fitilar gargaɗi ta kama, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi. Ga kuma nozul na zamani, wanda ke fesa mai da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 2,000 ta cikin ramukan da kaurinsu bai fi na ƴan silin gashi ba. Ɗigon ruwa ko ƙurar hunturu da ta shiga galan ɗin ɗan bumburutu ta isa ta kashe shi. Wanda ya san yadda ake sayen mai a ƙauyukan kan iyaka ya san wannan ba abu ne mai nisa ba.

Kamfanonin ƙera motoci sun san haka sarai. Shi ya sa ba sa aiko da injinansu na gas na zamani zuwa ƙasar da manta bai kai ba, domin su za a dawo wa da motar a ce a gyara kyauta. Ko dai su aiko da tsohon samfurin inji, ko mai fetur, ko su ƙi kawo motar gaba ɗaya. Amma ɗan kasuwar da ke sayo tsofaffin motoci daga Beljiyam ba ya ba da irin wannan lamuni. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. A cikinsu akwai na gas masu rariya. Abin da aka saba yi idan ta toshe shi ne a fasa ta a zubar, a yaudari kwamfutar. Motar takan tashi, amma hayaƙin da aka hana ɗan Turai shaƙa, yaron da ke talla a tasha shi zai shaƙe shi.

An yi ƙoƙarin gyara lamarin. A watan Satumban 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda ƴan kasuwar mai ke haɗa gas mai yawan farar wuta a Turai musamman domin Afirka ta Yamma. A watan Disamba na shekarar, a Abuja, ƙasashen Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su koma kashi 50 cikin miliyan. A 2020 ministocin ƙungiyar ECOWAS suka amince da wannan adadi ga dukan yankin, tare da sharaɗin Euro 4 ga motocin da za a shigo da su. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da gas a 2024, ita kuwa Nijar, mai matatar SORAZ a arewacin birnin Damagaram tun 2011, ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Ko da an cim ma kashi 50 a ko'ina, ya kamata a lura cewa har yanzu ninki biyar ne na man da aka ƙera motar Euro 6 dominsa.

Akwai kuma batun farashi, wanda shi ya fi bayyana yawan motocin fetur a Nijeriya. Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga farashin gas shekaru da dama kafin ta janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A tsawon wannan lokaci gas ya fi fetur tsada a gidan mai, saboda haka tanadin da injin gas ke yi ya tashi a banza. Mai saye ya zaɓi fetur, dillali ya kawo mai fetur, bakanike ya ƙware a kansa, mai shagon kayan gyara ya cika kantarsa da nasa. Tun zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, hannun kanikawan Arewa ya faɗa kan fetur, aka bar gas ga manyan motoci da tantan da janareto. A Faransa akasin haka aka yi: gwamnati ta daɗe tana sassauta harajin gas, sai jama'a suka raja'a a kansa.

Sitiyari, kwastan da shekarun mota

Ba duka shingayen ne na kimiyya ba. A ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama, kamar maƙwabtanta da Faransa ta raina. Ga garuruwan kan iyaka irin Maigatari wannan sauƙi ne, tun da direba ba ya bukatar sauya hannu idan ya tsallaka. Amma sauyin ya rufe ƙofa ga motoci masu sitiyari a dama, waɗanda dokokin hanya na ƙasar suka hana yi wa rajista. Ƙasashen da suka fi shahara da motocin daji masu gas, wato Japan da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Tailan da Indiya, duk ta hagu suke tuƙi. Masana'antunsu suna ƙera masu sitiyari a hagu domin fitarwa waje, amma tsofaffin motocin da ƴan ƙasar suka gama hawa, waɗanda su ne talaka zai iya saye, sitiyarinsu a dama yake. Wasu sukan shigo da su a mayar da sitiyarin a gareji. Aikin da aka yi da walda a kan abin da ke juya mota da abin da ke tsayar da ita ba abin amincewa ba ne.

Sai haraji. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora kuɗin fito da ƙarin haraji da suka kai kashi 70 cikin 100 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe, kafin a sassauta da Dokar Kuɗi ta 2020. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa. Ko a watan Disamban 2020, lokacin da aka sake buɗe iyakar Maigatari tare da ta Illela da Seme da Mfum bayan rufewar da aka yi a Agustan 2019, ba a ɗage wannan hani ba. Wato a lokacin mutumin Maigatari yana iya hangen motar da ta dace da gonarsa a tsallaken iyaka, amma hanyar da doka ta yarda ta bi zuwa gare shi sai ta zagayo ta teku.

Harajin kaza

Kada a ɗauka ƙasashe masu tasowa kaɗai ke da irin waɗannan dokoki. Dalilin da ya hana Ba'amurke samun Hilux ya faro ne daga kaji. A farkon shekarun 1960, ƙasashen Turai, musamman Faransa da Jamus ta Yamma, sun ɗora haraji mai nauyi a kan naman kajin Amurka mai araha domin kare manomansu. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayayyaki huɗu, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, wato irin akori-kura. Ya fara aiki a 1964. An daɗe da soke na sauran kayan ukun, amma na mota ya zauna, domin ya yi wa kamfanonin Amurka daɗi. Har yau harajin kaza ake ce masa.

Kamfanoni sun yi ta dabarun kauce masa. Subaru ya taɓa ɗaura kujeru biyu a bayan wata ƙaramar akori-kura mai suna BRAT domin kwastan su lissafa ta a motar fasinja. Toyota kuwa ya zaɓi ya ƙera wata mota daban a cikin Amurka, mai suna Tacoma, wadda ta maye gurbin Hilux a can tun 1995. Ga kuma dokokin kare lafiyar fasinja: tsohuwar Land Rover Defender ta bar kasuwar Amurka bayan 1997 saboda ba ta da jakar iskar da ke kare direba a lokacin haɗari, kuma a Janairun 2016 aka daina ƙera ta baki ɗaya a Ingila. Wanda ya ce zai sayo tasa daga waje da kansa, sai ya ci karo da wata doka ta 1988 wadda ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idar Amurka ba, sai ta cika shekara 25. A nan akwai abin lura. Nijeriya ta ƙayyade cewa kada tsohuwar motar da za a shigo da ita ta wuce shekara 15, daga baya a 2022 aka mayar da shi 12. Land Cruiser ƙirar 1995 ta tsufa da shiga Legas, amma a tashar jiragen ruwa ta Amurka tsufan nan ne takardar izininta.

Lissafin mai ƙerawa

Ko da babu dokar da ta hana, kamfani yakan ƙi kai mota wata kasuwa don kansa. Kafin a sayar da sabon samfuri a Amurka ko Turai, sai an gwada hayaƙinsa, an kuma ragargaza motoci da dama da gangan domin a auna yadda za su kare fasinja. Sai an horar da kanikawa, an tara kayan gyara na shekaru. Idan za a sayar da dubban ɗaruruwa, kuɗin yakan bazu ya zama kaɗan a kan kowace mota, kamar dai nauyin da ya bazu a kan tafin raƙumi. Idan ƴan ɗaruruwa ne, ba ya biya. Ba'amurke mai tafiya a kan kwalta mai faɗi yana son mota mai laushi da sanyi; Land Cruiser 70 kuwa tana da tauri da jijjiga, an gina ta ne domin mahaƙar ma'adinai da jeji.

A ƙasar Gumel lissafin ya juya. Bukata tana nan, domin asibitin karkara na son motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da babu kwalta, mai sayen riɗi kuma na son wadda za ta shiga gona. Abin da babu shi ne yawan masu iya sayen sabuwa, ga kuma darajar naira da ta faɗi. Saboda haka sabuwar motar daji a hannun gwamnati da jami'an tsaro da ƙungiyoyi take ƙarewa, sauran jama'a su yi ta fama da tsofaffin motocin da aka ƙera domin titunan Turai, ana ɗaga musu ƙafa ana ƙara musu sifirin.

Ga hukumar ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma da ke shirin sayen motar gas, tambayar da ta fi launi da shekarar ƙira muhimmanci ita ce: domin wace kasuwa aka ƙera ta? Ana iya ganewa cikin sauƙi. A buɗe murfin tankin mai. Idan an ga wani ƙaramin murfi shuɗi a gefen na gas, ko a cikin but ko ƙarƙashin bonet, to wannan na ruwan yuriya ne, kuma motar tana bukatar gas mai tsabta da bakanike mai kwamfuta, wanda wataƙila sai an je Kano, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Gumel. Malamin kimiyya zai iya tura ɗalibansa tasha ranar kasuwa su ƙidaya motoci hamsin, su rubuta wadda ke shan fetur da mai shan gas, da ɓangaren da sitiyarinta yake, da ƙasar da lambarta ta nuna, sannan su tambayi direbobin inda suke sayen mai da inda suke kai gyara.